Rijndam: Aro Ne Ko Ƙwace?

Mai Alƙalami:
Salamu alaikum. Ga buɗi, amsa-amon "wa" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Jirgin ruwan Holan ne, sunansa Rijndam,
A Belfast, 1901, aka gama ƙerawa.
Rotterdam zuwa New York ne hanyarsa,
Fasinja yake kaiwa yana kawowa.
Holan ba ta shiga yaƙin duniya na ɗaya ba,
'Yar ba-ruwanmu ce, ba ta bayan kowa.
Sai ran 20 ga Maris, 1918,
Wilson, shugaban Amurka, ya sa hannu, aka hana jirgin komawa.
Jiragen Holan sama da 80 a Amurka
Sun kwana da tutarsu, sun tashi da sabuwa.
Baƙo ya ɗaure dokinsa a ƙofarka,
Ka haye ka tafi yaƙi, ba ƙwace ba ne kuwa?

Tsohon Malami:
Ƙanena, sannu da aiki, amma dakata,
Akwai doka tsakanin ƙasashe tun da daɗewa:
Mai yaƙi in ya matsu ya ɗau jirgin baƙo
Da ke tasharsa, ya biya diyya ba tauyewa.
Jamus na ta nutsar da jirage a teku,
Ga sojoji jibge, babu abin hayewa.
Ni aro na kira shi, tunda an mayar.

Uwar Marayu:
Malam, ka bar baitinka bai cika ba, bari in cika maka.

Aron da mai abu bai ce "ɗauka" ba,
Ko an biya shi, zuciya ba ta hucewa.
Holan gaba kura ce, baya sayaki:
Ta yarda, Jamus a maƙwabta tana hararowa,
Ta ƙi, alkamar da take jira ta teku
Ba za ta iso ba, gida ana fama da yunwa.
Ni wannan ne ke ci mini rai, Malam,
Mai ƙarfi ya yi doka, shi ke fassarawa.

Mai Alƙalami:
Hajiya, kin faɗi abin da ke raina. Ga ƙarashen:

Watan Mayu Rijndam ya ɗau sojan Amurka zuwa Brest ta Faransa,
Jirgin fasinja ya koma na mayaƙa, ba musawa.
Ran 31 ga wata, suna hanyar dawowa,
U-90, jirgin yaƙin Jamus, na ƙarƙashin ruwa yana dakonsu da ɓoyewa.
Jirgin President Lincoln, abokin tafiyarsa, ya nutse,
Rijndam ya tsira da ƙyar, Allah ne da tsarewa.
Oktoban 1919 aka miƙa shi ga masu shi,
A 1929, a Holan, aka yi masa farfasawa.