Neman kalmar Hausa: me za mu kira exposure a sana'ar hoto?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu ɗaukar hoto. Ƙanena da ke karatu a Kanada ya turo mini hotunan dusar ƙanƙara, duk sun fito toka-toka kamar an barbaɗa musu habɗi, yana tambayar dalili. Na san amsar, amma da na zauna rubuta masa ita da Hausa sai na rasa sunan abin da Turawa ke kira exposure, wato yawan hasken da kyamara ke bari ya shiga kafin hoto ya kamu.

Wani abokin sana'a a nan Agege ya kawo fallasa. Ban karɓa ba, domin fallasa tonon asiri ce. Ni na fi son shan haske. Yadda muke cewa tufa ta sha rana ta koɗe, haka za mu ce hoto ya sha haske fiye da kima ya ƙone, ko bai sha isasshe ba ya yi duhu. Metering kuwa awon haske ne, na'urarsa ma'aunin haske.

Ga yadda bayanin ya fito da waɗannan kalmomi. An saita ma'aunin da ke cikin kyamara bisa zaton cewa abin da ke gabansa launin toka ne matsakaici, mai mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, alhali sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kashi 80 ko fiye. Sai ma'auni ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fari ya koma toka. Maganinsa a ƙara mataki 1 zuwa 2 a maɓallin da ke da alamar +/-, kowane mataki kuma yana ninka hasken.

Mu a Legas ba mu da dusar ƙanƙara, amma duk wanda ya ɗauki hoton sahun masallata sanye da farar shadda ranar idi ya san wannan ciwo: riga ta yi dishi-dishi, fuska ta nutse cikin duhu.

Sunan wannan ƙarin da ake yi a maɓallin +/- ne nake neman shawarar malamanmu a kai. Na fara tunanin ƙarin awo, sai na tuna cewa a gaban baƙin yadi ragewa ake yi. Shi ya sa na karkata ga gyaran awo, wanda ya ɗauki ƙari da ragi, kuma duk mai zuwa kasuwa ya san gyaran da ake ɗorawa bayan an cika mudu.