Mujalla ta ce sai na biya dala 1,500 kafin ta buga takardata, haka ake yi?

Maman_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Ina digiri na biyu ne, malamin da ke duba aikina ya ce sai na buga takarda ɗaya kafin na kare, na tura wa wata mujalla ta waje na yi wata huɗu ina jira, jiya da daddare an ɗauke wuta ina duba waya sai ga imel wai sun karɓa amma in biya dala 1,500 don kowa ya iya karantawa kyauta. Da na lissafa da canjin Wapa wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Abin da ya ɗaure min kai, lokacin da nake haɗa babi na biyu kullum ina cin karo da takardun da sai an biya dala talatin da wani abu kafin a buɗe. Karatu a biya, rubutu ma a biya?

Malam_Gwale:
Wa alaikumus salam ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Da can laburaren jami'a ke biyan manyan kamfanonin buga mujallu irin su Elsevier da Springer kuɗin shekara, kuɗin ya yi ta hauhawa har masana suka gaji, aka yi taron Budapest aka fitar da sanarwa a 2002 cewa bincike ya zama kowa na iya karantawa a intanet. Niyya mai kyau ce. To amma kamfanonin sai suka juya lissafin, suka sauke wa mai karatu suka ɗora wa marubuci. Mujallar Nature ma a 2021 yuro 9,500 ta sa. Bature hukumar da ta ba shi kuɗin bincike ce ke biya masa, mu kuwa daga albashi ne, gashi tun da aka saki naira a 2023 abin ya ƙara fin ƙarfinmu. Wannan shi ne abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, an buɗe mana ƙofar karatu an rufe ta rubutu.

Ma'aikaciyar_Laburare:
Yar uwa kar ki biya tukuna. Ki rubuta musu ki nemi su yafe miki ko su rage, ki faɗa musu ke ɗaliba ce a Najeriya ba mai ɗaukar nauyinki, da yawa suna da wannan tsarin amma sai an tambaya. Sannan ki shiga DOAJ, shafin intanet ne da ke jera mujallun da ake karantawa kyauta, tun 2003 suke tantance mujallu, akwai wurin da za ki zaɓi waɗanda ba sa karɓar ko sisi daga marubuci, kuma suna da yawa. Ki duba AJOL ma, mujallun Afirka ne, har BAJOPAS ta nan BUK tana ciki.

Abban_Sadiq:
Ni dai ki fara tabbatar mujallar ta gaskiya ce. Na taɓa biyan wata, kwana biyar suka buga ko waƙafi ba su gyara ba, lokacin ƙarin girma kwamiti ya ƙi lissafa ta. Taki da ta yi wata huɗu, sun turo miki gyaran masu dubawa?

Maman_Khalifa:
Eh Malam sun turo, mutum biyu ne har shafi uku na gyara. Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti zan rubuta musu yau, in sun ƙi gobe zan shigo laburare ki nuna min yadda ake binciken DOAJ ɗin.