Miliyan 30 a kan kashi 40 cikin ɗari: in karɓa ko in dakata?

Ɗan Mile 12: Assalamu alaikum. Manhajata tana haɗa dillalan tumatir, albasa da tattasai na kasuwar Mile 12 a Legas da masu gidajen abinci a Ikeja da Yaba. Wata bakwai ke nan, kwastomomi 40 ne ke yin oda duk mako. Wani Alhaji a kasuwa ya ce zai zuba naira miliyan 30 a ba shi kashi 40 na kasuwancin. Yaron da ya rubuta manhajar kuma yana son mu raba sauran biyu. Sunan kasuwanci kawai na yi wa rajista, kuma ba mai zuba jari na waje nake nema yanzu ba. Alhaji yana jiran amsa bayan sallar Juma'a.

Injiniyan Yaba: Wa alaikumus salam. Ka fara buɗe kamfani a Delaware ta Amurka, a can masu zuba jari suke so. Stripe Atlas, tsarin kamfanin Stripe na yi wa mutum rajistar kamfani a can, dala 500 ne. Paystack, kamfanin karɓar biya ta intanet na Najeriya, ta shiga Y Combinator, shirin Amurka na tallafa wa sababbin kamfanoni, a 2016, a 2020 Stripe ta saye ta a kan sama da dala miliyan 200.

Barista Idi-Araba: Injiniya, mutumin ya ce ba jarin waje yake nema ba. Kamfanin Delaware yana da harajinsa na shekara da ake biya zuwa 1 ga Maris, ga takardun hukumar harajin Amurka, akwai fom mai lamba 5472 wanda rashin cika shi tarar dala 25,000 ce. Mai oda 40 a mako bai kai nan ba tukuna.

Malam, ga abin da ke gabanka. Sunan kasuwanci ba shi da hannun jari, don haka yau ba ka da abin da za ka sayar wa Alhaji. Sai ka yi rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya buɗe, mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa naira 100,000. Sannan ka yi lissafi: Alhaji 40, kai 30, yaro 30. Kai da ka kafa ba kai ne babba ba. Kuri'a mai rinjaye kaɗai ake buƙata a tsige darakta, su biyun kuwa 70 ke hannunsu. Manyan ƙudurori, irin canza dokokin kamfani, sai da kashi 75, wato Alhaji shi kaɗai zai iya tare muku hanya. Kuma miliyan 30 a kan kashi 40 na nufin ya yi wa duk wahalarka kuɗi miliyan 45.

Hajiya Mai Lissafi: Ƙanena, kafin ka yi maganar kashi, miliyan 30 ɗin wata nawa za ta kai ku? Rubuta albashi, hayar mota, ledoji da kwanduna, data, man janareta, ka raba. In ba ta kai wata 18 ba, za ka dawo neman kuɗi da kashi 30 kacal a hannunka, mai zuwa na gaba kuma zai ƙara yanka. Ka cire har kuɗin karɓar biya: Paystack na ɗaukar kashi 1.5 da naira 100, iyakarsa naira 2,000 a kan ciniki ɗaya. A kan kayan gwari da ribarsu siririya ce, wannan yana ji a jiki. Ka nemi Alhaji ya raba kuɗin gida uku, kowane kaso da sharaɗin yawan oda, hannun jarinsa na ƙaruwa daidai da abin da ya shigo asusun kamfani.

Baban Ikeja: Duk kun tsaya kan Alhaji, alhali ramin yana wajen yaron. Akwai wani kamfanin kai kaya a nan Legas, ba zan kira suna ba. Mutum biyu suka raba hamsin-hamsin ranar farko, don kunya da zumunci, ba takarda. Wata na tara mai rubuta manhaja ya samu aikin da ake biya da dala, ya daina ɗaga waya. Sai a ranar mai kamfani ya gano asusun GitHub, inda ake ajiye rubutun manhajar, na yaron ne, adireshin shafin da sunansa aka saya, asusun AWS, inda ake hayar sabar da manhajar ke aiki a kai, da katinsa, manhajar da ke Play Store ma a asusunsa take. Direbobi suna tsaye da kaya a bakin ƙofa, shafi ya mutu saboda ba a sabunta adireshi ba, kuma saƙon tunatarwa imel ɗin yaron yake zuwa. Mai zuba jarin da ya kusa sa hannu ya duba takardu, ya ga rabin kamfani na hannun wanda ba ya aiki, ya janye. Ma'aikata shida aka sallama. Abin da ya fi ciwo, yaron bai karya wata doka ba, hannun jarinsa ne halak malak.

Maganinsa sananne ne. Hannun jarin kowa, har da kai, ya riƙa nuna a hankali cikin shekara huɗu: wanda ya tafi kafin shekara ɗaya bai da komai, in ta cika ya mallaki rubu'i, sauran kuma wata-wata. Yaron ya sa hannu a takardar cewa duk abin da ya rubuta, har na wata bakwai ɗin da suka wuce, mallakin kamfani ne. Kowane asusu a buɗe shi da imel na kamfani, lambar tabbatarwa tana zuwa wayarka.

Ɗan Agege: Innalillahi. Baba, to daga baya ya mayar da asusun?

Baban Ikeja: Ya mayar bayan dattawa sun shiga, amma hannun jarin sai da aka saya a wurinsa. Kafin nan kwastomomi sun watse.

Injiniyan Yaba: A yi adalci dai. Yaron da ya yi wata bakwai ba albashi shi ma jari ya zuba. In ka ce masa kashi 5, gobe ba za ka gan shi ba. Tsakanin 20 da 30 mai nuna a hankali, da ɗan albashi, ba zalunci ba ne.

Ɗan Mile 12: Na gode ƙwarai. Duk waɗannan takardun nawa lauya zai karɓa?

Ɗan Agege: Dubu 150 an gama, har da rajista. Akwai masu yi a Ikeja.

Barista Idi-Araba: Wannan kuɗin rajista ne da takardar da aka kwafo daga intanet. Yarjejeniyar masu hannun jari da aka zauna aka rubuta, da ta mallakar manhaja, da ta ɗaukar aiki, ka tanadi dubu 600 zuwa miliyan ɗaya.

Hajiya Mai Lissafi: Barista ka yi tsada. Dubu 350 ana samun aiki mai kyau in an bar tsibirin Legas aka dawo Surulere.

Sarkin Dillalai: Ku yi haƙuri, a cikinku wa ya taɓa sauke tirelar tumatir da asuba? Lauya bai san cewa kwandon da aka saya yau in ya kwana biyu a zafin Legas ya zama na masu miya ba. Alhajin nan ba kuɗi kaɗai zai kawo ba. Maganarsa ɗaya dillalai goma za su ba Ɗan Mile 12 kaya ba tare da ya biya nan take ba. Wannan ba ya cikin lissafinku. Kuma in ka kai masa takarda shafi 30 da Turanci zai ɗauka ba ka yarda da shi ba ne.

Barista Idi-Araba: Ranka ya daɗe, kasuwa taku ce, ba musu. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta rubuta bashi ce. A karanta masa da Hausa gaban shaidu biyu. Ranar da Allah ya yi masa rasuwa, magada ne za su riƙe kashi 40 ɗin, su kuma ba su san alkawarin baki ba.

Ɗan Agege: Ni dai in an kafa kamfanin a naɗa ni daraktan ɗanɗana tumatir, ba na buƙatar kashi ko ɗaya.

Malama Obalende: Allah ya shirye ka. Ɗan Mile 12, in Alhaji na gudun kuɗin ruwa, ku guji takardar bashin da ke rikiɗa ta zama hannun jari, yawanci akwai ruwa a cikinta. Takardar SAFE, wato a zuba kuɗi yanzu a karɓi hannun jari daga baya, ba ta da ruwa ba ta da wa'adin biya, amma ka kai wa malamin da ya san mu'amala ya duba. Bayan rajista ka nemi tambarin NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani, na dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022. Sharaɗi kamfani bai wuce shekara 10 ba, kuma aƙalla sulusin hannun jari na 'yan Najeriya masu kafawa ne.

Injiniyan Yaba: Gaskiyar abin da ke korar yaran nan masu rubuta manhaja canjin dala ne. Kafin Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 a hukumance ba, farkon 2024 ta haye 1,500. Kuɗin sabar ya ninka uku, albashin yaro a naira kuma ya narke. Ga wuta, a Afrilun 2024 an mayar da 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit.

Hajiya Mai Lissafi: Kuma awa 20 ɗin da aka ce za a ba rukunin A, wace unguwa ce ke samu? Ofis mai mutum biyar, inbata da batir huɗu ya fi janareta sauƙi in aka lissafa shekara.

Baban Ikeja: Batir na ruwa ko litiyam? Na ruwa in ana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum ba ya daɗewa.

Ɗan Mile 12: Jama'a, gobe ce Juma'ar. In ce masa kashi 20 ne, ko in nemi ƙarin mako biyu?

Sarkin Dillalai: Wa ya san mai haɗa sola na amana a Alaba? Rumfarmu ma muna buƙata.