Daɗewa a majalisa ta isa a ba mutum takarar shugaban ƙasa? Muhawara kan Sanata Ahmad Lawan

Malam Idi: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i muka kusa raba dare a ƙofar gida kan maganar nan, na ce bari in kawo muku ita. Ni dai a ganina duk ranar da mulki ya dawo Arewa mutum irin Sanata Ahmad Lawan ya kamata a tsayar. Tun 1999 yake majalisa, shekara takwas a ta wakilai yana wakiltar Bade da Jakusko, daga 2007 ya koma ta dattawa, ya yi shugaban masu rinjaye, ya yi shugaban majalisar daga 2019 zuwa 2023, kuma kafin siyasa malami ne a jami'ar Maiduguri. Tun daga Obasanjo babu kasafin kuɗin da bai wuce ta gabansa ba. Irin wannan ba sai an ɓata shekara biyu ana koya masa aiki ba.

Hajiya Ladidi: Wa alaikumus salam Malam. Ni ban san lissafin shekaru ba, abin da na sani shi ne shagona. Matar da a da take ɗaukar kwanon shinkafa da kwalbar mai yanzu gwangwani biyu take cewa in auna mata, man kuma na ƙulli a leda, wani lokacin ma sai ta ce in rubuta zuwa ƙarshen wata. Duk wannan yana zaune a majalisar aka kai mu nan. To in daɗewar tana da amfani ina amfanin ya tsaya?

Malam Idi: Hajiya ai majalisa ba ita ke riƙe da kuɗi ba, doka take yi. Sanata ɗaya cikin 109 ba zai sauke farashin shinkafa ba.

Abba: Malam da girmanka amma a nan kam ba zan yarda ba. Ba sanata ɗaya cikin 109 ba ne, shi ne mai guduma a hannu. A watan Mayun 2023, ana saura makonni su sauka, majalisarsa ta amince a mayar da bashin da gwamnati ta ci daga babban banki, naira tiriliyan 22.7, ya koma bashin shekara 40. Alhali dokar babban bankin ta ce irin wannan rancen kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Shekara da shekaru ana zarce doka ana zuba kuɗi a kasuwa babu kayan da suka ƙaru, shi ne abin da Hajiya take gani a gwangwaninta, wa ya kamata ya ce a tsaya in ba majalisa ba? Shi ya sa mutane suka riƙa ce musu 'yan amshin shata, kuma tun 2019 shi da kansa ya nuna duk buƙatar da marigayi Buhari ya aiko za su yi maza su biya ta don yana ganin alheri ce ga ƙasa.

Usman: Abba tsaya ka ji, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ni na yi shekara huɗu ina aiki a ofishin wani ɗan majalisa, ba zan kama suna ba, na ga yadda abin yake daga ciki. Lokacin da Bukola Saraki yake shugaban majalisar dattawa ana ta rigima da fadar shugaban ƙasa, kasafin 2017 sai watan Yuni aka sa masa hannu, na 2018 ma sai Yuni, ɗan kwangila ya zauna rabin shekara yana jiran takarda damina ta zo ta same shi bai zuba ko tifa ɗaya ba. Zuwan Lawan aka sa hannu a kasafin 2020 tun Disambar 2019, aka dawo da tsarin Janairu zuwa Disamba. Dokar man fetur da aka yi kusan shekara ashirin ana jan ƙafa a kanta a hannunsa ta wuce a 2021. Dokar zaɓe ta 2022 ma haka. Kuma in amshin shata ne zalla me ya sa suka ƙi tabbatar da Lauretta Onochie a matsayin kwamishinar hukumar zaɓe a 2021, alhali hadimar shugaban ƙasa ce?

Abba: Yaya Usman na yarda da maganar kasafi, gaskiya ce. Amma wannan dokar zaɓen da kake yabo ka tuna a cikinta suka manta suka cire kansu daga masu jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani? Sanatoci da 'yan majalisa da tsofaffin masu muƙami duk suka zama 'yan kallo, sai zaɓaɓɓun daliget kawai, suka zo suka yi gyaran gaggawa a watan Mayun 2022 Buhari bai sa hannu ba. Mutanen da suka shekara ashirin a wurin ne fa suka yi wannan.

Usman: Wannan kam kuskure ne, ba na kare shi.

Alhaji Garba: Yara ku bar ni in sa baki. Ni na yi zaɓen 1979 da hannuna. Alhaji Shehu Shagari Allah ya jiƙansa ɗan majalisa ne tun 1954, kuma shi kansa kujerar sanata yake so kafin NPN ta tsayar da shi. To amma ba zaman majalisar kaɗai ya kai shi ba, ya riƙe ma'aikatu da dama tun jamhuriya ta farko, ya riƙe kuɗin ƙasa lokacin Gowon. Ya san yadda ake cewa babban sakatare ga aiki ga rana, in bai yi ba a canza shi. Aikin majalisa aikin sulhu ne, ka ba wannan kwamiti ka lallashi wancan, kowa ya fita da ɗan abinsa, in abu ya lalace a ce majalisa ce ta yi, babu wuyan mutum ɗaya da za a kama. Shugaban ƙasa kuwa da ƙarfe biyun dare za a tashe shi a ce an kwashe 'yan makaranta, ba shi da kwamitin da zai tura wa, shi zai yanke kuma shi za a zaga. Ba na cewa Lawan ba zai iya ba, cewa nake ba mu taɓa ganinsa a wannan kujerar ba ko da ta ƙaramar hukuma ce.

Malam Idi: Baba Allah ya ƙara girma, amma gwamnonin da muka gwada fa? 'Yar'adua gwamna, Jonathan gwamna, Tinubu gwamna. Gwamna ya saba majalisar jiha tana aljihunsa, kuɗin ƙananan hukumomi a hannunsa, ya zo Abuja yana ganin haka zai yi. Ni wallahi na gaji da mai zuwa da halin ni kaɗai na isa. Ko Amurka ai Joe Biden shekara 36 ya yi a majalisar dattawa.

Abba: Malam, Biden sai da ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas tukunna, takararsa biyu ta baya yana sanata duk bai kai ko'ina ba. Kuma mu dawo gida, tambayar fa ɗan takara ce, zai iya cin zaɓe? A zaɓen fidda gwanin APC na Yunin 2022 shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya fito da sunansa a matsayin ɗan maslaha, gwamnonin Arewa suka ce ba su yarda ba mulki ya koma Kudu, aka je fili Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152, yana kan kujerar mutum na uku a ƙasa fa. David Mark shekara takwas yana shugaban majalisa, a zaɓen fidda gwanin PDP na 2018 a Fatakwal ƙuri'a 35 ya samu. Saraki ya gwada a 2018 da 2022 bai samu tikiti ba, shi da ya ma yi gwamna. Daliget a hannun gwamnoni suke.

Hajiya Ladidi: To ka ji. Kuma ni abin da ya tsaya min a rai maganar Bashir Machina ce. Mutum ya shiga zaɓen fidda gwani na Yobe ta Arewa ya ci, kai kana can kana neman shugaban ƙasa, da ba ka samu ba aka dawo aka ce kujerar taka ce. Ni ba lauya ba ce amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba har yau.

Usman: Hajiya kotun ƙoli ce ta yanke a Fabrairun 2023, ba shi ya ba kansa ba.

Hajiya Ladidi: Na sani ƙanena, alƙalai uku suka ba shi biyu suka ƙi, kuma kotuna biyu na ƙasa da ita Machina suka ba gaskiya. Hukunci ya zauna ba na jayayya da shi. Amma ranar zaɓe ba alƙali ne zai bi layi cikin rana ba, mu ne, kuma mata a kasuwa ba su manta ba.

Malam Idi: Wannan maganar ta Machina ni ma ta dame ni lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma duk da haka mutanensa sun sake zaɓensa, kuma mutum ba ya cin zaɓe sau bakwai a jere a banza.

Alhaji Garba: Idi, ƙananan hukumomi shida ne mazaɓarsa, Bade, Jakusko, Nguru, Machina, Karasuwa, Yusufari. A can an san gidansu, an san wanda ya samar wa aiki, an san wanda ya biya wa kuɗin asibiti. Shugaban ƙasa sai ka fi kowa ƙuri'a kuma ka samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Mutumin Aba ko Ogbomosho ba ruwansa da rijiyar burtsatsen da aka haƙa a Jakusko, zai tambaye ka ranar da ka tsaya masa.

Usman: Baba wannan gaskiya ne kuma na gan shi da idona. Wanda na yi wa aiki kafin asuba layi ya kai bakin titi, mai takardar magani, mai katin ɗaurin aure, mai kuɗin jarrabawar yaro, ni nake riƙe da littafin ina rubuta suna. Da wannan ake daɗewa a majalisa, kuma ba laifi ba ne taimako ne, sai dai mutum miliyan ɗari biyu ba sa shiga littafi. Ni inda na tsaya shi ne irin Lawan ya fi dacewa da mataimaki, wanda zai riƙe wa shugaban ƙasa majalisa.

Malam Idi: A'a Usman ni ban sauka ba. Haƙurin sauraron mutum 108 kowa da buƙatarsa ba ƙaramin horo ba ne, kuma ƙasar nan mai haɗa kai take nema.

Abba: To Malam abu ɗaya nake roƙo. Lokacin shugabancin Ken Nnamani, wanda zango ɗaya kacal ya yi a majalisa, majalisar dattawa ta kashe tazarcen Obasanjo a Mayun 2006. Lokacin David Mark suka ba Jonathan riƙon ƙwarya a Fabrairun 2010 da ƙasa ta rasa mai jan ragama. Ka kawo min rana ɗaya irin wannan a shekara huɗun Lawan, ranar da ya ce wa fadar shugaban ƙasa a'a kan abin da zai iya cin kujerarsa, ba maganar kwamishina ɗaya ba. In ka kawo ni da kaina zan manna fastarsa a ƙofar shagonmu.

Malam Idi: An kira la'asar, bari in yi salla in dawo, zan duba maka batun canjin kuɗi na farkon 2023 don na tuna majalisar dattawa ta nemi a ƙara wa'adi.

Hajiya Ladidi: Ka duba Malam, amma ka haɗa da ko an saurare su, don ni kwana uku na yi ina bin layin banki a lokacin.