Wai me za mu ce ma "whiteout" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina fassara wani labari da za a karanta a rediyo nan Maradi, kan ƙananan jirage da ke hatsari wajen sauka lokacin sanyi a Alaska da arewacin Kanada, sai kalmar whiteout ta tsaya min a wuya, Faransawa na cewa voile blanc ko jour blanc. Dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, girgije ya rufe sama, haske na ta kai da kawo tsakaninsu har inuwa ta ɓace, matuƙi bai gane inda ƙasa ta ƙare da inda sama ta soma. To ƙaramin jirgi irin Cessna yawanci da ido ake sauke shi, sai mutum ya zaci ya kusa taɓa ƙasa alhali da saura, ya ɗaga hancin jirgi ya faɗo tim, ko ya daki ƙasa tun bai shirya ba, ƙafa ta karye jirgi ya kife. Ku taimaka.

— Yaya ai farin hazo ne kawai, kamar yadda buji ke hana jirgi sauka nan lokacin hunturu.

— A'a ƙanena, hazo ƙura ce cikin iska. Wanga abu iska na iya zama tas, ka hangi baƙin dutse can nesa, amma tudun ƙanƙara da ke gabanka ba ka ganin shi. Shi ya sa matuƙan Alaska masu sauka kan ƙanƙara kan jeho rassan itace ko wani baƙin abu tukuna, su zagayo, don ido ya samu abin kamawa.

— Makantar ƙanƙara fa?

— Wannan ciwon ido ne da hasken rana ke sa wa in ya daki ƙanƙara ya dawo, a bar ma likitoci abinsu.

— Ni dai kawalwalniyar ƙanƙara ta yi min daɗin faɗi wallahi.

— Hajiya daɗi kam akwai, amma kawalwalniya nuna maka takan yi abin da babu, wanga ɓoye maka abin da ke akwai yake. Kuma mai labarai sai numfashi ya ƙare mishi kafin ya kai ƙarshenta. Ku tuna jirgin Air New Zealand da ya daki dutsen Erebus a Antaktika ran 28 ga Nuwamba 1979, mutum 257 sunka rasu, babban jirgi ne ma DC-10, an canza musu layin tafiya ba su sani ba, dutsen na gabansu da rana tsaka suna zaton fili ne. Ba duhu, ba makanta, ruɗe su farin ya yi. Ni na ce farin ruɗu.

— Malam kada manoman Dakoro su ji fari su ɗauka damina za ta ƙi 😂

— Da an faɗa da baki muryar daban take, kuma ƙanƙara na cikin zancen ai.

— To wanda farfela ke tayar da dusar ta rufe gilashi daidai lokacin sauka fa, shi ma farin ruɗu ne?

— Turawa sun haɗa su suna ɗaya, amma mu ce ma wannan ƙurar ƙanƙara, kowa ya fahimta.

Madalla Malam, na gode. Na sa farin ruɗu, karon farko zan ƙara da "wato sama da ƙasa su haɗe fari fat", daga nan sai kalmar ita kaɗai. Labaran ƙarfe takwas na dare in sha Allahu.