Wata goma sha huɗu da ɗaurin aure ban tare ba: masu sanin bizar aure ta Ingila ku taimaka

'Yar Gwale ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka bi ta hanyar nan su ba ni haske, kaina ya kulle.

An ɗaura min aure wata goma sha huɗu da suka wuce a masallacin unguwarmu, bayan an sakko daga Juma'a. Maigidan yana Birmingham, shekararsa tara a can, yana da takardar zaman dindindin. Ranar ɗaurin auren ba ya ƙasar ma, bai samu hutu ba. Ƙanin mahaifinsa ne ya karɓa masa, baffana ya bayar. Ni ina ɗaki da ƙawaye, guɗa kawai na jiyo. Bayan wata biyu ya zo aka yi biki, ya yi sati uku ya koma. Tun daga nan sai waya. Kayan ɗakina na nan jibge a ɗakin Umma an lulluɓe da tsohon zanin gado, tukwanena ko kwalinsu ban yage ba. Ƙannena sun laƙa min "amaryar WhatsApp". Tun ina dariya har na daina.

Abin da ya tsayar da mu kuɗi ne. An ce sai albashinsa ya kai fam 29,000 a shekara, shi kuwa 27,000 yake ɗauka. Sannan takardar auren da ke hannuna ta liman ce, rubutun hannu, rabi Hausa rabi Larabci, kuma sa hannun wakili ne a kai ba na angon ba. Za su karɓe ta kuwa?

Jiya kuma wata ƙawar Umma ta haɗa ni da wani ejan, cikin masu nema wa mutane biza. Ya ce in bar wahalar da kaina, zai nema min bizar ziyara, in na shiga sai a juya ta a can. In kuma ta auren nake so, zai "gyara" mana takardar banki ta nuna muna da ajiya. Umma har ta fara karkata, don maganar mutane ta ishe ta. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Maman Hanif ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan ejan ki goge lambarsa yau ba sai gobe ba. Wanda ya shiga Ingila da bizar ziyara ba a juya masa ita ta koma ta aure yana cikin ƙasar, dole ya fita ya nema daga gida. In kuwa suka kama takardar jabu, za su iya haramta miki shiga har shekara 10. Shi ya cinye kuɗinsa ya kashe waya, ke ce sunanki zai zauna a kwamfutarsu.

Ni daga Kaduna na taho Manchester a 2019, lokacin fam 18,600 ake nema. A Afrilun 2024 ne suka ɗaga shi zuwa 29,000, shi ya sa kike jin na da suna cewa abin ba wuya. Da ɗin ma da wuya, an dai manta ne.

Abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne hujjar cewa auren na gaske ne. Mu da aka tashe mu da kunya, ina muka ga hoton riƙe hannu? Da na zauna haɗa takardu sai na tarar duk hotunan bikina ni da ƙawaye ne da gwaggonni, inda nake tare da Baban Hanif guda huɗu ne kacal, biyu ma fuskata a rufe take da mayafi. Sai muka haɗa da tikitin jirginsa na zuwa Najeriya, da shafin fasfonsa mai tambarin shiga da fita, da rasit na kuɗin cefanen da yake turo min duk wata, da jerin kiran waya, wata-wata muka tsakuro kaɗan. Ba sai kin buga musu duk hirarku ba, ki rufa wa kanki asiri. So suke su ga kun haɗu ido da ido, kuma zumuncin bai yanke ba. Sati ukun da ya yi a Kano ki riƙe shaidarsa da kyau.

Gwajin tarin fuka kuma ba kowane asibiti suke yarda da shi ba, sai wuraren da suka amince da su, akwai a Abuja da Legas. Hoton ƙirji ne. In suka ga abin da bai kwanta musu ba sai su karɓi kaki, sakamakonsa kan kai sati takwas. Takardar wata shida take yi ta mutu, don haka kar ki yi gaggawar yinsa tun kuɗi bai haɗu ba. Ni sau biyu na biya saboda zumuɗi.

Abu Safwan ya amsa:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara a kan lissafin, don giɓinku bai kai yadda kike tsoro ba.

Ana iya haɗa albashi da ajiya. Ki ɗauki abin da ya rage, wato 2,000, ki ninka sau biyu da rabi, ya zama 5,000, ki ɗora a kan 16,000. Ke nan in kuna da fam 21,000 a banki, da sunansa ko naki ko na ku biyu, ta kwana wata shida ba ta yi ƙasa da haka ba, kun cika sharaɗi. Wanda ba shi da albashi sam, 88,500 ake nema a wurinsa. Kyauta daga iyaye tana shiga in an bayyana inda ta fito, bashi ba ya shiga. Kuɗin fili ko gidan da aka sayar ma yana shiga, muddin da sunan ɗayanku yake a takarda tun kafin wata shidan. Amma in a naira kuɗin yake, da canjin ranar da kuka cike fom za a auna shi, kin kuma san halin naira.

Hanya mafi sauƙi a ganina ya nemi ƙarin awanni a wurin aikinsa, ko ƙaramin aiki na ƙarshen mako, don ana haɗa su. Fam 2,000 a shekara bai kai 170 a wata ba. Ya tara takardun albashi na wata shida, da bayanan bankin da ke nuna kuɗin yana shiga daidai da abin da ke kan takardar, da wasiƙa daga wurin aiki. Takardar albashi ta ƙarshe kar ta wuce kwana 28 kafin ranar nema. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, ba a rashin kuɗi ba. In kina aiki a Kano kuwa ba a lissafa albashinki, nasa kaɗai ake dubawa a karon farko.

Ku kuma tanadi kuɗin neman bizar kanta. A Afrilun 2025 suka mayar da shi fam 1,938, ga kuɗin lafiya 1,035 a kowace shekara da ake biya dunƙule tun farko, ya kama 3,105. Sama da fam 5,000 ke nan kafin a yi maganar tikiti. In an ƙi, kuɗin lafiyar ake mayarwa, na neman ya tafi.

Malam Na-Zazzau ya amsa:

'Yata, wakilci bai rage wa aurenki komai ba. Ƙa'idarsu ita ce auren da ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, su ma ya inganta a wurinsu, kuma auren Musulunci aure ne a dokar Najeriya. Sai dai takardar liman ita kaɗai ta yi rauni. Ki ɗauki baffanki da wakilin da shaidu biyu ku je kotun shari'ar yankinku a yi muku takardar shaidar aure mai hatimi. Duk abin da ba da Turanci yake ba a ba ƙwararren mai fassara, ya sa sunansa da sa hannu da kwanan wata.

Akwai tambaya ɗaya da ba a son yi, amma gara ni in yi miki ita. Yana da wata matar? Ingila ba ta ba mace ta biyu bizar aure in akwai uwargidan da ta riga ta zauna can a matsayin matarsa kuma auren na nan. In ya taɓa aure ya rabu, sai ya kawo takardar saki wadda suka yarda da ita. In a Ingila aka yi sakin, na baki ba ya wadatarwa, sai na kotu. Na ga yarinyar da ta shekara uku tana jira kafin ta san inda gizo yake saƙar.

Maman Hanif ta sake amsawa:

Na manta maganar jarrabawar Turanci. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suka yafe wa jarrabawa, duk turancinmu kuwa. Matakin farko ne da ake kira A1, magana da sauraro kawai, irin su sunanki da abin da kika ci da safe. In kina da digirin da aka koyar da Turanci, Ecctis, masu tantance takardun karatu na Ingila, za su tantance miki shi ya tsaya a madadinta, amma ki kwatanta kuɗin biyun tukuna.

Kuma ki sani biza ba ita ce ƙarshe ba. Wata 33 za su ba ki, ki sabunta na wata 30, sai kin cika shekara biyar ki nemi zaman dindindin. A tsakanin nan kina iya aiki, amma babu tallafin gwamnati. Fasfonki da takardunki su zauna a hannunki ke da kanki. Ba mugun zato nake wa mijinki ba, kowace amarya haka nake gaya mata.

'Yar Gwale ta dawo:

Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a. Malam, ni ce ta fari, danginmu ɗaya da shi ta wajen uwa, da akwai wata da tuni na ji. Amma na tambaye shi dai, ya yi dariya ya ce wa ya zuga ni.

Na karanta masa lissafin Abu Safwan daren jiya. Yana da fili a Kumbotso, sai dai har yanzu sunan mahaifinsu ne a takardar, ba a raba gado ba, don haka wannan ƙofar a rufe take. Ya ce zai karɓi aikin Asabar daga wata mai kamawa. In na ƙirga wata shida na takardun albashi, na ɗora sati goma sha biyun da ake cewa ana jiran amsa, wata tara ke nan in komai ya tafi daidai. Da na faɗa wa Umma shiru ta yi, can ta ce to a fito da katifar nan a shanya kar ta yi fumfuna.

Ejan ya kira sau uku yau ban ɗauka ba. Litinin za mu je kotu da Baffa. Sai kuma wata sabuwa da na gano ina jera takardu a kan gado: a fasfona an rubuta an haife ni 3 ga Maris, a takardar makaranta kuma 13. Hajiya Maman Hanif, wanne zan fara gyarawa?