Titunan Hanoi da baƙi ba su cika shiga ba

Mazaunin Jidda: Assalamu alaikum. Zan tafi Hanoi, babban birnin Vietnam, bayan Sallah, kuma ina neman shawara kan titunan tsohon gari waɗanda baƙi ba su cika shiga ba.

Malamin Makka: Wa alaikumussalam. Ka fara da Hàng Thiếc, inda maƙera ke buga kwano da hannu har yau, sannan Lãn Ông mai ƙamshin magungunan gargajiya, wanda ni na fi so.

Hajiyar Madina: Ɗana, kada ka tsallake Hàng Lược, domin a nan masallacin Al-Noor yake, wanda 'yan kasuwar Indiya suka gina a ƙarshen ƙarni na 19, kuma can za ka samu Juma'a.